Ko Kun Sani? Labarin da Ya Harzuƙa Amurkawa

A ranar 26 ga Yuni, 1948, mujallar The New Yorker ta buga gajeren labarin Shirley Jackson, "The Lottery". A cikin labarin, a wani ƙauye mai mutum kusan 300, ana taruwa duk shekara a yi ƙuri'a. Wanda ta faɗa wa, maƙwabta da iyalinsa ne za su jefe shi har lahira. Da ta faɗa kan wata mata mai suna Tessie Hutchinson, har ƙaramin ɗanta sai da aka miƙa wa tsakuwa.

Masu karatu suka fusata. Ɗaruruwan wasiƙu suka yi ta kwarara, wasu suka daina sayen mujallar. Abin tashin hankalin ma, wasu sun zaci gaskiya ne, suna tambayar inda ake yi don su je kallo.