Kiwon Kare: Daɗinsa, Wahalarsa Da Haƙƙin Da Ke Kan Mai Shi

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, da wuya a sami unguwa ko ƙauye a ƙasar nan da ba a jin haushin kare idan dare ya raba. Wani ya ajiye shi don gadin gida, wani don garke, wani don farauta, wani kuwa yaransa ne suka tsinto kwikwiyo a bola suka dame shi da magiya har ya ce a bar shi. To amma ranar da ka ɗaura wa kare igiya ka ce naka ne, ka sani ka ɗauki amana iri biyu: amanar dabbar da ba ta iya faɗin abin da ke damunta, da amanar mutanen da za ta iya cutarwa. A kan waɗannan amanoni biyu ne za mu yi bayani, in Allah Ya yarda.

Wane ne aka yarje wa ajiye kare?

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum. Ɗaliban da suka karanta Risala za su tuna Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo wannan mas'ala a ƙarshen littafin. Masu sharhin Risala kuma sun ba da labarin cewa shi kansa Malam, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, sai ya ajiye kare don tsaro. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik bai so hakan ba, sai ya nuna cewa da Malik ya ga zamaninsu, da har zaki ma ya ajiye. Daga nan ne malamai da yawa suka haɗa gadin gida cikin abin da aka yarda da shi idan akwai bukata.

A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma idan ya sa baki a ƙwaryar ruwa ana zubar da ruwan a wanke ƙwaryar sau 7, don bin umarni. A wajen Shafi'iyya kuwa najasa ce mai nauyi, kuma cikin wanki bakwai ɗin dole ɗaya ya kasance da ƙasa. Ko wanne ka bi, darasin a aikace ɗaya ne: kare ya sami wurinsa a tsakar gida ko bakin garke, da kwanonsa daban, kada ya shiga ɗakin kwana ko wurin salla.

Kada kuma wannan ya sa ka ɗauka an halatta wulakanta shi. A cikin waɗannan littattafai biyu akwai labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Haka nan akwai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Ku yaran da kuke bin kare da jifa a hanyar makaranta, ku riƙe waɗannan labarai biyu.

Daɗin da ke cikin kiwonsa

Wanda ya taɓa kiwon kare ya san yana da alkawari. Tun kana nesa ya gane tafiyarka, ya taso yana kaɗa wutsiya, ko da ba ka riƙo masa komai ba. Jinsa da shinshinarsa sun fi na mutum nesa ba kusa ba, shi ya sa yakan ji motsin ɓarawo tun mai gida yana minshari. Makiyayi a daji yana barci ne bisa haushin karensa, don shi ke sanar da shi zuwan kura ko dila. Buzayen yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, suna da wani kare dogo siriri mai tsananin gudu, wanda yake tsare musu zango kuma suke farauta da shi. Ƙari a kan haka, yaron da aka ba shi aikin zuba wa kare ruwa da abinci kullum yana koyon tausayi da riƙon amana tun yana ƙarami.

Ci da sha da wurin kwana

Wahala ta farko ita ce ciyarwa. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya idan ya sami kulawa, kuma duk tsawon wannan lokaci cikinsa yana wuyanka. Mutane da yawa sai su bar shi da ƙanzo da ruwan wanke-wanke, in yunwa ta kai shi bola ko akurkin maƙwabta kuma a ce ya lalace. Babban kare yana bukatar ci sau ɗaya ko sau biyu a rana, kwikwiyo kuwa sau uku ko huɗu. Tuwo ko dusa da aka dafa da ɗan kayan ciki ko kan kifi ya wadatar da karen gida. Amma ka kiyaye abubuwa uku. Kada ka ba shi dafaffen ƙashin kaza, don yana tsagewa ya soke shi a maƙogwaro ko a hanji. Kada ka ba shi abinci mai yawan albasa, don tana lalata masa jini. Kada kuma ka ba shi maganin ciwon kai ko na ciwon jiki irin na mutane, don yana iya kashe shi.

Ga wani abu da ya shafi lokacin layya. In aka feɗe rago aka ga hanta ko huhu da wasu ƙuraje masu ruwa a ciki, al'adar mutane ita ce a jefa wa kare. Wannan kuskure ne babba. Ƙurajen nan 'ya'yan wata tsutsa ce, in kare ya ci sai ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya riƙa fita cikin kashinsa, daga nan ya koma jikin dabbobi da na mutane, har ya yi wa mutum irin wannan ƙurji a hanta. Irin wannan nama a ƙona shi ko a binne shi da zurfi.

Batun ruwa kuwa, ka lura kare ba ya yin gumi a jiki kamar mu, da haki yake rage zafi, shi ya sa kake ganinsa ya zaro harshe. A bazara, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri, ɗaure kare a rana ba inuwa ba ruwa zalunci ne, kuma yana iya mutuwa a yini guda. Karnukan Turai masu yawan gashi, irin wanda ake kira Alseshan, sun fi shan wuya a nan, alhali karen gida ya saba da yanayinmu, ga sauƙin ciyarwa. In hunturu ya shigo kuma, ko tsohon buhu ne a shimfiɗa masa a wurin da iska ba ta dukansa.

Ƙananan cututtuka da yawan haihuwa

Kaska da ƙuma da ƙarzuwa su ne abokan gaban fatar kare, musamman da damina. Ka riƙa duba cikin kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, a nan kaska ke ɓuya. Kada ka shafa masa maganin feshin gona ko baƙin man mota, ka nemi maganin da ya dace wurin likitan dabbobi. A ba shi maganin tsutsar ciki duk bayan wata 3, a kwashe kashinsa kullum, yara kuma su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi. Idan kwikwiyo ya kama amai da zawo mai jini, ya daina ci, to a gaggauta kai shi asibitin dabbobi, don wannan ciwo yana kashe su cikin 'yan kwanaki, kuma akwai allurar rigakafinsa.

Mai karya yana da ƙarin aiki. Takan nemi namiji sau ɗaya ko sau biyu a shekara, cikinta kimanin kwana 63 ne, kuma tana iya zuba 'ya'ya biyar ko shida ko fiye. Ba sa buɗe ido sai bayan kamar mako 2, kuma bai kamata a raba su da uwar ba sai sun kai wajen mako 8. Ina za ka kai su? Zuba su a kwali a jefar a bola shi ke cika gari da karnukan da ba su da mai su. In ba ka da bukatar 'ya'yan, likitan dabbobi yana iya dandaƙe namiji ko ya yi wa macen aikin hana haihuwa.

Haƙƙin maƙwabta

Karenka ya kwana yana haushi, ya kashe kajin maƙwabci, ya kori almajiri ko 'yar talla har ta zubar da kayanta, duk wannan kai za a tambaya. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa mai kare mai cizo yana biyan ɓarnar da ya yi, musamman idan an riga an gargaɗe shi ya ƙi ji. Maganin abin shi ne ka tsare shi da rana a wuri mai inuwa, ka sake shi cikin gida da dare bayan an rufe ƙofa. Amma kada ka bar shi a ɗaure da gajeriyar sarƙa dare da rana, don wannan yana ƙara masa faɗa. Tun yana kwikwiyo ka saba masa da mutanen gida, ka koya masa jin kira da jin tsawa, ba tare da duka ba.

Ciwon haukan kare

Yanzu mun zo kan abin da ya fi komai nauyi. Ciwon haukan kare wata ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jiki ta cizo ko yakushi, ko lasar wurin da ke da rauni, sannan ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa shi ne kimanin mutum 59,000 ke mutuwa da shi a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke samu, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in ɗaliban makarantarmu.

Mugun abin da ke cikinsa shi ne jinkiri. Raunin ya warke, kowa ya manta, sai bayan wata 2 ko 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, ciwo ya tashi da zazzaɓi da firgita da tsoron ruwa. Da zarar alamun nan sun bayyana, kusan babu mai tsira. Amma kafin su bayyana, allura tana hana shi. Wani masani Bafaranshe mai suna Luwi Fastor ne ya fara gwada wannan allura a shekarar 1885, a kan wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, yaron kuma ya rayu. Don tunawa da shi ne aka sa 28 ga Satumba, ranar rasuwarsa, ta zama ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya.

Saboda haka ka kai karenka a yi masa allurar rigakafi idan ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, ka kuma adana takardar shaida. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu yin wannan allura. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa.

Ka san alamun karen da ya kamu: halinsa ya canza, yana cizon duk abin da ya gani, yawu na dalala, muryarsa ta sauya, ko haɓarsa ta saki kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada ka kuskura ka sa hannu a bakinsa da sunan taimako. Ka nisanta yara, ka sanar da ma'aikatan dabbobi.

Idan kare ya ciji mutum

1. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa har minti 15.
2. In akwai aidin a shafa. Kada a sa toka ko barkono ko ganye, kada kuma a ɗaure wurin tamau.
3. A tafi asibiti a wannan rana, ko da raunin ƙarami ne. Allurar ba guda ɗaya ba ce, a cika ta a ranakun da likita ya faɗa.
4. In an san karen, a tsare shi a lura da shi kwana 10, amma kada a jira kwanakin nan su cika kafin a fara allura.
5. In an kashe shi, kada a taɓa shi da hannu tsirara, a kira ma'aikatan dabbobi don su gwada kansa.

Ku ɗalibai, kada tsoron faɗa ko bulala ya sa ku ɓoye cizo ko yakushin kare. Ku faɗa wa Baba ko Inna ko Malam nan take. Ku kuma iyaye, in yaro ya zo da irin wannan labari a fara da sabulu da asibiti, faɗa ya biyo baya. Kada ku taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. In baƙon kare ya nufo ku, ku tsaya cik, kada ku ruga da gudu kuna ihu.

A ƙarshe, ya ɗan'uwa, kafin ka karɓi kwikwiyo ka tambayi kanka: ina da bukatarsa? Zan iya ciyar da shi shekara 10? Zan kai shi allura duk shekara? Maƙwabtana za su zauna lafiya? In amsar duka i ce, to bismillah, kuma kana da lada a kan kowane kwanon ruwa da ka ajiye masa. In ba haka ba, ka bar shi ga wanda zai iya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kare mu da zuriyarmu daga cututtuka.