Buhun ajiyar wake mai leda biyu: Yadda manoma da masana suka haɗa kai a Kamaru da Nijar

Duk ɗan kasuwar da ke sayen wake a Maraɗi ko Ƙonni ya ƙetaro da shi Jibiya ko Illela, ya san irin ɓarnar da ƙwari ke yi wa buhu cikin 'yan watanni. Wannan ne ke tilasta wa manomi sayar da wakensa da kaka a farashi mai arha, wasu kuwa su zuba masa maganin ƙwari. Idan ba a manta ba, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin da aka samu a cikinsa.

Maganin wannan matsala ya faro ne daga yankin Marwa a arewacin Kamaru, a ƙarshen shekarun 1980. Gwamnatin Amurka ce ta ba da kuɗin binciken ta hannun hukumar USAID, wadda aka rufe a 2025. Masana daga Jami'ar Purdue, cikinsu har da Farfesa Larry Murdock, da takwarorinsu na cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru, sun shiga ƙauyuka suka ga yadda manoma ke cuɗa wake da toka. Daga nan suka ɗora gwajinsu, har aka samo dabarar buhu uku cikin juna.

Sirrin abin shi ne iska. Leda biyu masu kauri ne a ciki, buhun saƙa a waje. Da zarar an ɗaure, ƙwarin za su shaƙe iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu.

A 2007 Gidauniyar Gates ta ɗauki nauyin yaɗa buhun, mai suna PICS, a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka. A Nijar, masanan cibiyar INRAN ta Maraɗi sun yi aiki da manoma: a ɗaure buhu a gaban jama'ar gari, bayan watanni a kwance shi a gabansu. Gani ya kori ji.

To sai dai buhun yana da sharuɗɗa. Wajibi ne wake ya bushe sosai, a duba ledar kada ta kasance da huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, sannan a ɗora buhun bisa katako nesa da ɓeraye. Yawan kwancewa domin nuna wa mai saye yana shigar da sabuwar iska.

Ɗan kasuwar da ya kiyaye waɗannan zai iya riƙe wakensa zuwa bazara, lokacin da farashi kan tashi, ya sayar da abin da shi kansa ba zai ji tsoron dafa wa iyalinsa ba.