Gani Ko Ji? Bayani A Kan Na'urar Motsi Mai Tashi Ba Dalili

Fitilar nan da akan kafa a ƙofar gida, wadda ke kama da kanta in mutum ya gitta, wani lokaci takan kama alhali ko kaza ba ta wuce ba. Mai gida ya fito da sanda ya tarar ba kowa. In abin ya yawaita sai ya daina fitowa, ran da ɓarawo ya zo kuwa yana kwance. Kafin a kai ga gyaran wannan aibi ya kamata a duba sunan na'urar, gama sunan ne ke fara ɓad da mai gyara.

Galibi akan ce da ita "mai ganin motsi". To, Hausa ta kasa hanyoyin sanin abu kashi biyu. Gani na ido ne kaɗai, ji kuwa ya tattara sauran: ana jin magana, ana jin wari, ana jin sanyi da zafi. Na'urar nan ba ta gani. Mutum ya wuce ta bayan gilashin taga, ko da rana tsaka, ba za ta sani ba. Abin da take ji shi ne ɓoyayyen hasken da kowane jiki mai ɗumi ke fitarwa, irin wanda William Herschel ya gano a 1800. A cikinta akwai ƙwayoyi biyu masu jin ɗumi, an haɗa su yadda ɗaya ke soke ɗaya. In ɗumi ya sauka a kansu daidai wa daida, shiru kake ji. In ya taɓa ɗaya kafin ɗaya, sai 'yar wuta ta fita, da'irar ta riɓanya ta, fitila ta kama. Farar hular robar da ke kanta ita ke yanka filin gabanta yanki-yanki, domin mai wucewa ya riƙa shiga wani yana fita wani. Saboda haka "mai jin motsin ɗumi" ya fi dacewa, ko da yake ya yi tsawo a baki.

Wanda ya riƙe wannan suna ya san inda zai fara. Sai ya kunna ta ya dakata kamar minti 1, gama takan yi ta tashi kafin ta natsu, kana ya rufe hular ruf da kwali mai kauri.

Idan ta yi shiru, ba ta yi ƙarya ba, wani ɗumi ta ji. Watakila hantsi ne ya faɗo kan bango, ko hayaƙin janareta, ko labulen da rana ta gasa iska na kaɗa shi, ko akuya, ko tsaka bisa hular. Maganinsa a kau da fuskarta, ko a rage mata nisan ji. A ƙaramin allon nan da ake kira HC-SR501 akwai abin murɗawa domin haka, daga wajen mita 7 zuwa mita 3.

Idan kuwa ta ci gaba da tashi a rufe, laifin na wuta ne, nan ne kuma masu koyo suka fi wahala. Wutar da ƙwayoyin ke bayarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har da'irar ba ta iya rarrabe ta da rawar da wutar caja mai araha ke yi. A gwada ta da batir. In ta lafa, a sa kafasita tsakanin ƙafar wuta da ta ƙasa, dab da allon. Har wa yau a taƙaita wayoyi, gama doguwar waya eriya ce, sa'an nan a nisanta allon da abin da ke aika saƙon rediyo, kamar guntun Wi-Fi, da kuma makunnin maganaɗisu da ke kunna fitilar, wanda kan koro wuta baya duk sa'ad da ya saki.