Kalmar 'charge' da takwarorinta: Abin da ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su sani

Da wuya a wayi gari a kai yamma ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati bai ci karo da kalmar Ingilishi ta "charge" ba. Tana cikin saƙon banki da ke shigowa waya, tana cikin takardar fiton kaya, tana cikin wasiƙar ofis da takardun kotu. Hausa ma ta daɗe da aronta: muna cajin waya, muna sayen caja, kuma har gobe dattawa na kiran ofishin 'yan sanda caji ofis. Sabon da aka yi da ita ya sa mutane da dama ke ɗauka sun san ta sarai, alhali kuskuren fahimtarta na iya jawo asarar kuɗi, ko sa hannu a kan abin da mutum bai yi niyya ba.

Asalin kalmar shi ne mabuɗin ma'anoninta. Ta shiga Ingilishi ne daga Faransanci a ƙarni na 13, shi kuma ya gaje ta daga Latin, inda "carrus" ke nufin keken dakon kaya, "carricare" kuma ke nufin yi masa lodi. Daga wannan tushe ne "car" da "cargo" da "carry" suka fito. Ke nan ma'anarta ta farko ita ce ɗora kaya. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin shi ma yana ɗora kaya, yana ɗora haraji, yana ɗora wa mutum nauyi, yana kuma ɗora masa laifi.

Idan kuɗi aka ɗora

A kasuwa da banki, "charge" kuɗi ne da ake nema a hannunka saboda wata hidima. Babban Bankin Najeriya yana da kundin da ke ƙayyade irin waɗannan kuɗaɗe da bankuna za su iya cira, wanda aka sabunta ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2020, kuma wannan kalma ce a cikin sunansa.

Takwarorinta a wannan fage suna da yawa, amma kowace da muhallinta. "Fee" ladan gwani ne ko kuɗin wata cibiya, kamar na lauya, na likita ko na makaranta. "Fare" kuɗin mota ne ko na jirgi. "Toll" kuɗin bin hanya ne ko gada. "Commission" la'ada ce, wato kamasho. "Duty" kuɗin fito ne da ake biyan kwastan. "Levy" kuɗi ne da hukuma ke ɗorawa da ƙarfin doka, kamar Naira 50 da Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗora a kan tura Naira 10,000 zuwa sama ta banki. "Fine" kuwa tara ce, kuma ba a cin tara sai an yi laifi.

Sanin wannan bambanci yana da amfani ga aljihu. Ladan hidima da la'ada ana iya neman ragi a kansu, ko a koma wani wurin da ya fi sauƙi. Abin da doka ta ɗora ba ya cinikuwa. Tara kuwa, wanda aka ce ya biya yana da damar tambayar laifin da ya yi da kuma dokar da ta tanade ta.

Akwai wata ma'anar da ta shafi mai neman rance. Idan takardar bashi ta ce banki yana da "charge" a kan gida ko injina ko hajar kamfani, jingina ake nufi. An ɗora bashin a kan dukiyar, kuma idan biya ya gagara, daga jikinta za a fitar da haƙƙin bankin.

Idan nauyi aka ɗora

A aikin gwamnati, "in charge of" na nufin wanda ragamar wuri ke hannunsa. Takwarorinta a nan su ne "responsibility" da "duty" da "custody", wato alhaki da aiki da amanar ajiya. Amma ƙaramar kalmar "the" tana juya zancen baki ɗaya. Wanda yake "in charge of" shi ne mai kula, wanda yake "in the charge of" kuwa shi ne ake kula da shi.

Ma'aikaci ya kuma lura da "surcharge". A wurin ɗan kasuwa ƙarin kuɗi ne a kan farashin da aka sani. A ƙa'idojin kuɗi na gwamnati kuwa, tilasta wa jami'i ne ya biya asarar da sakacinsa ya jawo.

Idan laifi aka ɗora

A nan ne ruɗani ya fi yawa, domin "charged with" tana da fuska biyu. Idan aiki ne ya biyo bayanta, an damƙa wa mutum amana ke nan. Idan sunan laifi ne ya biyo baya, kamar sata ko zamba, tuhuma ce a gaban shari'a.

Kalmomin da ke kusa da ita matakai ne daban-daban. "Allege" da "accuse" zargi ne, wanda kowa na iya yi. "Charge" tuhuma ce a hukumance. "Arraign" gurfanarwa ce, inda ake karanta wa mutum tuhumar a ji ko ya amsa. "Convict" kaɗai ke nufin kotu ta same shi da laifi. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Saboda haka duk wanda ya fassara "charged" da "an same shi da laifi" ya ɓata sunan mutum tun kafin alƙali ya buɗe baki.

Kishiyarta, "discharge", sauke kaya ce. Da ita ake sauke kaya daga jirgin ruwa, da ita ake sallamar majinyaci daga asibiti, da ita kuma ma'aikaci ke sauke nauyin da ke kansa. A kotu, wanda aka yi "discharging" kawai an sallame shi ne, kuma ana iya sake gurfanar da shi. Wanda aka yi "acquitting" an wanke shi, kuma Sashe na 36(9) ya hana a sake yi masa shari'a a kan laifin, sai da umarnin kotun da ke sama.

Idan wuta aka ɗura

Cajin waya ma daga lodi ya samo asali. Turawa sun riƙa amfani da kalmar wajen ɗura wa bindiga albarushi, sannan a tsakiyar ƙarni na 18 masu binciken lantarki, ciki har da Benjamin Franklin na Amurka, suka ara ta don ɗura wuta. Haka kuma "charge at" na nufin aukawa da gudu, irin farmakin mahaya dawaki a fagen fama.

Dabarar ita ce a dubi ƙaramar kalmar da ke maƙwabtaka da ita. "For" da "to" galibi kuɗi suke nunawa, "in" da "of" ragama, "at" farmaki, "with" kuma amana ko tuhuma. Idan takardar ta shafi bashi ko kotu ko horon ma'aikaci, kuma ma'anar ba ta fito fili ba, a nemi lauya ko wanda ya san aikin ya duba ta kafin a sa hannu. Matambayi dai ba ya ɓata.