Kalmar Ƙanƙara da Shimfiɗar Ƙanƙara ta Ƙasashen Sanyi

A bakin manomin Kajiji, cikin ƙasar Sakkwato, ƙanƙara ita ce tsakuwar ruwa wadda ta kan zubo da hadari ta kakkarya gero. Amma kalmar nan guda ita ce malamin makaranta ya ke laƙaba wa kowane daskararren ruwa, saboda haka almajirai su kan ruɗe in an zo labarin ƙasa.

A tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe akwai kogunan ƙanƙara masu gangarowa daga tsaunuka sannu a hankali. Ko da hunturu ya tsananta, ruwa ya kan riƙa tsattsafowa daga ƙarƙashin waɗansunsu. Da ya fito fili sai ya malala ya daskare, wani ya bi ta kansa shi ma ya daskare, hawa bisa hawa, har kaurin ya kai ƙafa 10. In zafi ya zo sai ta narke, ta ƙara wa rafuka ruwa. Rashawa suna ce mata naled, Jamusawa kuwa aufeis, watau ƙanƙara bisa ƙanƙara.

Ya kamata malamai su rarrabe abu uku: ƙanƙarar hadari, kogin ƙanƙara, da shimfiɗar ƙanƙara, wadda ita ce aka bayyana a nan.