Ƙaura zuwa Birtaniya: Sharuɗɗan shiga da kayan gida

Mai shirin ƙaura zuwa wata ƙasa yakan fi damuwa da kuɗin dakon kaya, amma sau da yawa dokokin kwastan ne ke jawo masa asara.

Galibi ta jirgin ruwa ake aika kayan gida, domin ya fi jirgin sama arha, ko da yake tafiyar kan ɗauki makonni. Wanda kayansa ba za su cika kwantena ba yana iya haɗa guda da wasu.

A Birtaniya, hukumar HMRC tana yafe wa mai ƙaura haraji idan ya zauna a wajen ƙasar watanni 12 a jere, kuma ya yi amfani da kayan aƙalla watanni 6. Ba a yarda ya sayar da su ko ya ba da aronsu cikin watanni 12 da shigarsu ba.

Ana neman amincewar hukumar ne tun kafin a aika kayan. Wanda ya yi sakaci yana iya biyan haraji da kuɗin ajiya a tashar jiragen ruwa.

Haka kuma an haramta shiga da nama daga Najeriya ko Nijar, ciki har da kilishi.