Matashin Da Ya Ga Kurmi A Ƙarƙashin Gonakin Maradi

Duk wanda ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya ya ƙetare iyaka zuwa Maradi zai ga gonakin gero cike da gawo da kalgo da sabara, har ya yi zaton haka ƙasar take tun kaka da kakanni. Ba haka ba ne. Bayan farin shekarun 1970 ƙasar nan ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi har manomi ya sake shuka sau biyu ko sau uku a damina guda. Labarin yadda itatuwan suka dawo ya haɗa da wani matashi wanda bai daɗe da barin jami'a ba.

Sunansa Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, an haife shi a 1957. Ya karanta ilmin aikin gona, ya kuma yi makarantar Littafi Mai Tsarki, sa'an nan ya sauka Nijar tare da matarsa a 1981 a ƙarƙashin mishan ta SIM, wadda mu a Nijeriya muka sani ta wurin ikkilisiyar ECWA. Aikin da aka ba shi shi ne wanda kowa yake yi a lokacin, wato a rena dashe a cikin leda, a kai ƙauyuka, a dasa. Mafi yawansu mutuwa suke yi. Wanda rana ba ta ƙone ba gara ta ci, wanda ya tsira daga gara akuya ta gama da shi. Mu ma mun san wannan a gida: kowace shekara manya sukan zo bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto, kafin kaka sai kwandon da aka kife kawai ake gani.

A 1983, yana kan hanya da dashe a bayan mota, ya tsaya domin ya rage iskar taya saboda yashi. Shi da kansa ya sha faɗi cewa a wurin ya yi addu'a cikin karayar zuciya, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda manoma suke sarewa kowace bazara lokacin sassabe. Da ya duba ganyen, ashe itace ne da aka sare tun da daɗewa, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa inda laima take. Irinsa kuwa ba su ƙirguwa a cikin gonaki. Itatuwan ba su mutu ba, hana su tashi ake yi kowace shekara da gatari da wuta.

Dabarar da ta fito daga nan, wadda manoman Maradi suke kira sassabin zamani, ba ta bukatar leda ko ban ruwa ko kuɗi. Manomi ya zaɓi kututturen da yake so, ya bar tofo uku zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran, ya kuma rage rassan ƙasa. Da yake saiwar tsohuwa ce, tofon yakan yi girman da dashe ba zai kamo ba.

Amma mutane ba su karɓa da hannu biyu ba, kuma suna da dalili. An daɗe ana koya musu cewa manomin kirki shi ne mai gona tas, ba ko kututture. Ga tsoron inuwa da tsuntsaye masu cin gero. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne doka: tun zamanin Faransa itatuwa na gwamnati ne, ma'aikacin gandun daji yana iya cin tarar mutum don ya sare reshe a gonarsa. To, wa zai rena abin da zai jawo masa tara? 'Yan tsirarun da suka fara sun sha dariya.

Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa. Mishan ta raba abinci a ƙauyuka kusan 100 bisa sharaɗin a bar itatuwa a gona, aka tsare kimanin 500,000. Da abincin ya ƙare, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku. A ganinmu wannan ne wurin da ya fi koyarwa a labarin, domin kashi ɗayan da ya rage shi ne ya yi wa'azin da Bature bai iya yi ba. Maƙwabci ya ga matar wancan ta daina tafiyar rabin yini neman itacen girki, ya ga tumakinsa suna cin 'ya'yan gawo da rani, ya ga geronsa bai ragu ba. Gawo kuwa, kamar yadda kowane manomi ya sani, da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Da itacen wuta ya samu, kara da kashin shanu da a dā ake ƙonewa suka koma gona. A hankali hukuma ta sassauta, har dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara wa manoma iko a kan itatuwan gonakinsu.

Masu binciken da suka gwada hotunan sama na dā da na shekarun 2000 sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Kada a ɗora wa mutum ɗaya duka, domin a yankin Damagaram manoma sun daɗe suna renon gawo da kansu, kuma yawancin yaɗuwar daga bakin manomi zuwa manomi ne. Rinaudo ya bar Nijar a 1999, ya kai dabarar Habasha da wasu ƙasashe ta hannun World Vision, a 2018 kuma aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Muna da 'ya'ya a ikkilisiyoyinmu da suka gama bautar ƙasa suna zaune gida da takardar aikin gona a akwati, ga kuma gonakin ikkilisiya da ake sassabewa tas kowace bazara. Wanda zai gwada bana, ya wasa adda sosai, ya yi sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, kuma ya fara zama da dattawan ikkilisiya da makiyayan da ke kusa kafin ya bar tofo ko ɗaya.